Zumunci a ƙafa yake, to in ƙafar ta ƙi ɗaguwa fa?

Ranar da mahaifiyar aminiyata ta rasu, tun ƙarfe tara na safe na yi wanka. Na sa atamfa mai duhu, na zura hijabi, na sa kuɗin adaidaita sahu a jaka. Daga nan na zauna a bakin gado zan sa safa, ban tashi ba sai da aka kira Azahar. Na yi sallah na koma na zauna a inda na tashi, da hijabin a jikina, har aka yi Magariba. Daga gidanmu a Rijiyar Zaki zuwa gidansu a Gwammaja ba wata doguwar tafiya ba ce. Ban je ba. Ranar sadakar uku ban je ba, ranar bakwai ma haka. Kafin a yi arba'in kuwa kunya ta riga ta gina mini katangar da ba zan iya tsallakewa ba, ko sunanta na gani a waya sai gabana ya faɗi.

Bayan ƙaramar Sallah ne ta 2023. Matar da ta rasu ba baƙuwa ba ce a wurina. Tun muna aji ɗaya a makarantar kwana, duk ranar ziyara kaso biyu take yi wa ƙuli-ƙuli da garin kwaki da yajin da ta kawo, ɗaya na 'yarta ɗaya nawa. Daren da na yi naƙudar fari ita ta kwana a kan benci a barandar asibiti tare da Ummata. Mama nake ce mata. Wannan matar ce aka kai makwancinta, 'yarta na zaune a tabarma tana karɓar gaisuwa, ni kuma ina bakin gado da safa ɗaya a hannu.

Na daɗe ina juya ko in rubuta wannan ko in bar shi a cikina. Abin da ya sa na rubuta, in ana maganar ciwon damuwa a rediyo ko a intanet, yawanci alamominsa ake jerowa: rashin barci, rashin cin abinci, kasala, yawan kuka. Duk haka ne. Amma ni ɓarnar da ya fi yi mini a tsakanina da mutanena ya yi ta. Jikin cikin watanni ya dawo. Ɓarakar da ya bari kuwa har yau ɗinkinta nake.

Abin ya faro ne da hunturun ƙarshen 2022. Koyarwa nake a wata makarantar firamare, aikin da nake so tun ina budurwa. Sai na wayi gari littattafan yara suna taruwa a kan tebur, in buɗe ɗaya in karanta layi guda sau huɗu ban fahimci abin da yaro ya rubuta ba. Ƙarfe uku na dare idona ke buɗewa, shi ke nan kuma barci ya tafi, in yi ta kallon silin ƙirjina kamar an ɗora turmi. Tuwon shinkafa da miyar taushe da ba na iya gani in ƙyale, ya koma kamar ina tauna auduga. Kaina na ciwo, gaɓoɓina ba ƙwari. Sau uku ina shan maganin maleriya da taifot daga kemis, sau ɗaya har da ƙarin ruwa. Ba wanda ya kawo wani abu daban a ransa, ni ma ban kawo ba, domin mu in ciwo bai zo da zazzaɓi ba sai mu nemo masa zazzaɓin.

Da abin ya fito fili, tambaya ɗaya kowa ke yi mini: me aka yi miki? Wannan tambayar ita ta fi komai wahalar da ni, kuma ina ganin ita ce tushen duk rikicin da ya biyo baya. A wurinmu damuwa ba ta zuwa haka kawai, dole akwai wanda ya jawo ta. Ko miji, ko kishiya, ko dangin miji, ko talauci, ko wani ya yi maka asiri. Ni kuwa ba ni da kishiya, mijina bai taɓa ɗaga mini hannu ba, 'ya'yana biyu lafiyarsu ƙalau, albashi na shigowa ko da kaɗan ne. In na ce ba abin da aka yi mini, sai a ce ɓoyewa nake. In na yi shiru, shirun ma magana ce. Sai kowa ya ɗauki shirun nan nawa ya zuba abin da shi yake tsoro a ciki.

Umma ta ɗauka maigidana ke ƙuntata mini ina rufa masa asiri, har ta fara amsa gaisuwarsa a daƙile. Hajiya, mahaifiyarsa, ta ɗauka raini ne ya shigo, tunda na daina zuwa gaishe ta ranar Juma'a, kular abincin da nake aika mata ma ta ɗauke. Abokan aikina sun ce girman kai na fara. Gwaggo ta ce jinnu ne. Maigidan kuwa, wani dare ya dawo daga Kantin Kwari, na ce masa sannu da zuwa ban ko ɗago kai ba, ya ajiye ledar da ke hannunsa ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata, ya ce, "Malama, ki dubi girman Allah ki gaya mini. In auren ne kika gaji da shi, ki faɗa, kar ki kashe kanki a banza." Ina jin sa, ina son in ce masa wallahi ba kai ba ne, amma maganar ta tsaya a maƙogwaro. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Don Allah ka ƙyale ni." Ya tashi ya fita. Daga baya ya gaya mini a mota ya kwana a ƙofar gida.

Wanda bai taɓa shiga ciki ba zai yi wuya ya yarda cewa magana na iya zama aiki. Amsa sallama aiki ne, murmushi aiki ne, zaɓar kalmar da za ka mayar wa mutum kamar ɗaukar buhun gero ne zuwa bene. Ga kuma wani abu da ciwon ke yi, shi ne ƙarya da yake raɗa maka a kunne da muryarka. In waya ta yi ƙara sai ya ce: ga shi kin zame wa mutane nauyi. In ta kwana biyu ba ta yi ƙara ba sai ya ce: kin gani ko, dama ba wanda ya damu da ke. Ko ta ina mutum ya biyo ya yi laifi. Ƙanwata ta taɓa turo mini saƙo cewa, "Yaya, kwana biyu shiru." Kalma huɗu. Na kwana ina jujjuya su har na gamsu cewa gori take yi mini.

WhatsApp ya zama mini wurin azaba. Guruf ɗin dangi, guruf ɗin 'yan ajinmu, guruf ɗin malamai, na ankon bikin wance, na adashi. Na kashe alamar nan mai shuɗi don kar a san na karanta, sai aka koma lura da lokacin da na hau. In an matsa mini da kira na ɗauka, amsata ɗaya ce: "To, insha Allahu zan zo." Suna, to. Kamu, to. Dubiya, to. Kara ba ta bari in ce a'a, ciwo kuma ba ya bari in cika. Lokacin wahalar canjin kuɗi a farkon 2023 na samu abin fakewa, in ce ban samu tsabar kuɗin mota ba. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu kuɗin adaidaita sahu ya tashi, na ƙara samun wani. Yanzu da nake duba baya, na ga alkawuran nan da na riƙa saɓawa sun fi ɓata wa mutane rai fiye da a ce tun farko na ce ba zan iya ba. Wadda ka ce wa a'a za ta ji haushi na yini guda. Wadda ta ajiye maka kujera da kwanon abinci ta yi ta duban ƙofa, ita ba ta mantawa.

Ba kuma zan wanke kaina tas in ɗora wa ciwo komai ba. Mutane sun ɗauka mai ciwon damuwa kullum a kwance yake yana hawaye. Nawa da faɗa ya zo. Wata safiya 'yata, lokacin tana shekara shida, ta zubar da kunu a kan kayan makarantarta. Tsawar da na yi mata da maganganun da na faɗa mata ba zan maimaita su a nan ba. Ta tsaya tana kallona ba ta ma yi kuka ba. Bayan nan ta ɗauki makonni in za ta shigo ɗakina sai ta leƙo ta labule ta karanci fuskata tukuna. Ciwo ne ya taƙaita mini haƙuri, amma bakina ne ya faɗa, kuma kunnenta ne ya ji. Da na samu sauƙi na zaunar da ita na ba ta haƙuri. Wasu sun ce uwa ba ta ba ɗa haƙuri. Ni na bayar, kuma da za a sake zan sake bayarwa.

Akwai abin da kunya ba za ta bar ni in buɗe sosai ba, amma matan aure za su gane. Ciwon nan yana kashe sha'awa kamar yadda yake kashe ɗanɗanon abinci. Miji kuma ba ya ganin ciwo a nan, ƙi yake gani. Da maganar ta ɗan fita, sai ga tsumi da gumba da ƙulle-ƙullen kayan mata daga 'yan uwa masu son gyara mini aure. Da kyakkyawar niyya suka aiko, amma inda ke ciwo daban, inda ake shafa magani daban.

Gwaggo ta kawo mai ruƙiyya, an yi mini, ban kuma yi nadama ba, karatun Alƙur'ani bai taɓa cutar da kowa ba. Abin da ya cutar da ni shi ne kalmar da ta biyo baya, cewa mumini na gaskiya ba ya shiga damuwa, rashin tawakkali ne. Dama ina fama da nauyin jiki wajen tashi sallah, ina zargin kaina dare da rana, sai aka ƙara mini da cewa imanin ma ban da shi. Abin da ya riƙe ni a lokacin shi ne ƙissar Annabi Yaƙub, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Annabi Yusuf, ya ce ga Allah kaɗai yake kai kukansa. Da kuma tuna cewa shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, Shekarar Baƙin Ciki ake kiranta a tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma shi ya koyar da addu'ar neman tsari daga damuwa da baƙin ciki da gajiyawa da kasala. Na san baƙin cikin rashi daban, ciwon da likitoci ke magani daban. Amma ya ishe ni hujja cewa nauyin zuciya ba shaidar rashin imani ba ne.

Ƙanwata ce ta ja ni asibiti bayan babbar Sallah, da sunan za a sake gwada jinina. Likitar da muka samu mace ce. Ta sa aka duba ko ƙarancin jini ne ko matsalar maƙoƙo, domin su ma suna kawo irin wannan kasala. Da sakamako ya fito ba komai, sai ta ce ƙanwata ta ɗan ba mu wuri. Ta jawo wata takarda mai tambayoyi tara, kowacce tana farawa da "a cikin mako biyun da suka wuce". Sau nawa kika ji ba kya jin daɗin abin da kika saba jin daɗinsa? Barci fa? Abinci fa? Kina jin kin gaza, ko kin kunyata iyalinki? Tambaya ta tara ita ce ko ina jin gara a ce babu ni. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce mata e, tunanin yana zuwa, musamman da asuba. Ba ta zaro ido ba, ba ta yi salati ba, ba ta yi mini wa'azi ba. Ta ce, "Malama, na gode da kika faɗa. Wannan ciwo ne, yana da suna, yana da magani." A wata takwas, ita ce mutum ta farko da ba ta tambaye ni wa ya yi mini laifi ba.

Ita ta bayyana mini cewa abin da ke raba shi da ɓacin rai na yau da kullum shi ne ya zauna wa mutum kusan duk yini, kusan kowace rana, aƙalla mako biyu, har ya hana shi harkokinsa. Daga baya na karanta cewa Hukumar Lafiya ta Duniya, a bayanin da ta fitar a 2023, ta ƙiyasta mutum kusan miliyan 280 ke fama da shi, kuma ya fi kama mata. Na yi ta mamakin yadda abu mai yawa haka na kai shekara talatin da huɗu ban san sunansa ba. Amma in an duba ba abin mamaki ba ne. A Kano in ka ce likitan ƙwaƙwalwa, Dawanau kawai mutane ke ji, in sun ji Dawanau kuma hauka tuburan suke gani, alhali asibiti ne kamar kowane, mutane na zuwa su karɓi magani su koma gida. Likitocin wannan fanni a duk Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200. Sai a watan Janairun 2023, daidai lokacin da nake shan maganin taifot a banza, shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da ko a sunanta mahaukata ta kira mu.

An ɗora ni a kan ƙwaya ɗaya kowace safiya, tare da zaman tattaunawa da wata ma'aikaciya duk bayan mako biyu. Likita ta ce kar in sa ran ganin canji kafin mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci har shida, kuma ko na ji garau zan ci gaba da sha aƙalla wata shida, ba a kuma yanke shi rana ɗaya. Ta nemi maigidana ya zo zama na biyu. A gabana ta gaya masa ciwon na taɓa sha'awa, maganin ma yana iya taɓawa, in haka ta faru a dawo a faɗa mata. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Watanni yana ɗauke da zargin kansa, magana biyu ta sauke masa.

A zaman tattaunawar nan ne aka fara yi mini maganar iyaka. Da farko ban karɓe ta ba. Na ɗauka irin ta Turawa ce, kowa ya rufe ƙofarsa ya ce ba ruwansa da kowa, mu kuwa an ce zumunci a ƙafa yake, kuma na san girman yanke shi a addini, na san an hana gaba fiye da kwana uku. Sai wata rana ina dawowa daga asibiti a cikin lungun unguwar su Umma, idona ya faɗa kan rubutun nan da na girma ina gani a jikin ƙofofi: ba a shiga. Na tsaya ina kallonsa. Ashe mu ne ma masu iyaka. Gidanmu na gargajiya daga zaure ake farawa, wani baƙon a nan zai tsaya, wani ya kai soro na biyu, wani tsakar gida, ƙalilan ne ke ɗaga labulen ɗaki. Ba wanda ya taɓa cewa zaure yanke zumunci ne. Sallama ma sau uku ake yi, in ba a amsa ba a juya. A Suratun Nur an ce in aka ce muku ku koma, to ku koma, shi ya fi tsarki a gare ku. Wato mai gida yana da haƙƙin ya ce yau ba dama, mai zuwa kuma bai kamata ya riƙe shi a rai ba. Mun yi wa gidajenmu wannan tsari, zukatanmu ne muka bari ba zaure. Ko dai a bar kowa ya shigo har ƙuryar ɗaki, ko in an gaji a toshe ƙofar gaba ɗaya da bulo. Ni bulon na sa.

Abu na farko da na yi ƙarami ne. Na rubuta saƙo ɗaya na ajiye a waya, duk wadda ta kira na kasa ɗauka sai in tura mata: "Na ga kiranki, na gode. Ba ni da lafiya kwanan nan, magana tana yi mini nauyi. Wallahi ba fushi nake ba. Zan kira ki ranar Asabar in Allah ya kai mu." Ranar Asabar kuma in kira, ko na minti biyu ne. "Ba fushi nake ba" ɗin nan ita ta fi komai aiki, don ita ke hana mutum zuba tsoronsa a cikin shiruna. Na kuma koyi cewa, "Ba zan samu zuwa ba, amma ga gudummawata." Ranar da na fara faɗa wa wata 'yar uwa haka a kan bikin 'yarta hannuna rawa yake. Ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta wuce maganar anko. Shi ke nan abin da na shafe watanni ina gudu.

Ni da maigidan muka yi wata 'yar alama tsakaninmu. In na tashi na ji ranar ba ta yi ba, sai in ce masa, "Abbansu, yau da hadari." Ya san ba shi ba ne, ya san ba sai ya tambayi dalili ba, zai kai yara makaranta ya sayo abincin dare a hanya. Amma shi ma ya kafa nasa sharuɗɗan, kuma a lokacin sun yi mini zafi. Ya ce ba zai ƙara yarda a tayar da magana mai nauyi bayan ƙarfe goma sha ɗaya na dare ba, don duk abin da muka tattauna a wannan lokaci da kuka yake ƙarewa. Ya ce zai koma zama majalisarsu bayan Isha'i kwana uku a mako, wadda ya bari saboda ni. Ya ce in zan yi masa faɗa in yi, amma ban da gaban yara. Na ji kamar guduna yake. Sai daga baya na gane mutumin nan ya rame, hawan jini na neman kama shi, kuma in ya faɗi mu duka mun faɗi. Mai jinya ma yana buƙatar inda zai sha iska. Ƙanwata ita ma da ta gaji da kiran tsakar dare ta ce, "Yaya, ina son ki, amma ni ba likita ba ce. Wannan ki rubuta ki kai ranar zamanku." Na yi fushi na kwana biyu. Gaskiya ta faɗa.

Wuri ɗaya ne muka yarda ba iyaka, ba sirri, ba kara. In tunanin nan na gara babu ni ya dawo, dole in faɗa a ranar, shi kuma dole ya kai ni asibiti ko ina so ko ba na so, ko da zan ce ya tona mini asiri. Sau ɗaya hakan ta faru, cikin wata na biyu. Ya rufe shago ya zo. Duk wanda wani nasa ya furta masa irin wannan magana, don Allah kar ya ce ai wasa ne, kar kuma ya riƙe ta a matsayin amana.

Ban gaya wa kowa da kowa ba. An ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, kuma ina da 'ya mace, na san garin da nake, na san yadda kalma ɗaya ke bin yarinya har ranar da za a zo neman aurenta. Wasu a zaure na tsayar da su, "ba ni da lafiya ne, amma da sauƙi", ya ishe su. Wadda na fi jin tsoron gaya wa ita ce Hajiya. Na je ranar wata Juma'a da kular dambun shinkafa, na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Hajiya, ku yafe mini, ba raini ba ne. Ciwo na yi, na zuciya, ina shan magani." Ta yi shiru har na fara da-na-sanin buɗe baki. Can ta ce in tashi daga ƙasa in zauna kusa da ita. Ta ce bayan haihuwarta ta huɗu ta yi wata biyar kullum tana kuka a bayan ɗaki lokacin wankan jego da bayansa, ba ta son ko ganin jaririn, ba ta kuma taɓa gaya wa kowa ba, har mijinta ya rasu bai sani ba. Jaririn nan shi ne mijina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da kashi 10 cikin 100 na masu ciki da masu jego suna shiga wannan hali. Hajiya ta ɗauki nata ita kaɗai sama da shekara arba'in. Ranar mun daɗe zaune, dambun ya huce ba wanda ya taɓa.

Gidan aminiyata kuwa sai da aka yi wata takwas da rasuwar na iya zuwa. Na yi sallama sau biyu kafin a amsa. Ta shimfiɗa mini darduma, ta kawo ruwa, muka gaisa kamar waɗanda suka haɗu a layin awo. Na yi mata gaisuwar da ta makara, na gaya mata komai, har safar da ke hannuna. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Na yarda ba ki da lafiya, Allah ya ƙara sauƙi. Amma ranar nan duk wadda ta ɗaga labule ke nake zaton gani. Har dare." Ba ni da amsa, ban kuma nemi in kare kaina ba, don ciwona gaskiya ne, nata ma gaskiya ne, ɗaya bai goge ɗaya ba. Da na tashi tafiya, a bakin ƙofar ɗaki ta tsaya ta ce in gaida gida. Mu da muke raka juna har titi, mu tsaya hira adaidaita biyar su wuce.

Ban matsa mata ba. Ita ma tana da haƙƙin ta tsayar da ni a zaure. Abin da nake yi shi ne duk wata sau ɗaya ina zuwa, in zauna rabin awa, in tafi da 'yar leda ta ƙuli-ƙuli ko yajin daddawa. Wani zuwan mu yi hira, wani zuwan talabijin kawai muke kallo. Kusan shekara guda rakiyar ba ta wuce ƙofar ɗaki ba, daga baya ta fara kaiwa tsakar gida. Zuwan da na yi watan jiya, da na miƙe sai na ga ta jawo mayafi ta zura takalmi. Muka fito zaure, muka bi lungu, ba mai cewa komai, har bakin titi. Adaidaita na farko ya tsaya, ta ɗaga masa hannu ta ce ya wuce.